Ruwa ya kwanta, amma ciwo bai kwanta ba

Ga bayanin da malamin tsabta ya yi ma ɗaliban yaƙi da jahilci a Madarunfa.

Jama'a, akwai abubuwan da ke sa abu mai ruwa-ruwa ya dunƙule. Kowa ya san su. Mai awara tana zuba ruwan tsami cikin ruwan waken soya mai zafi, sai ya tsinke, awara ta haɗu. Makiyayi yana sa ɗan yankin tumbin ɗan akuya mai shan nono cikin madara, ta yi barci, a yi cuku da ita.

Irin wannan aiki alif yake yi ma ruwan sha. Wasu alam suke ce mishi. Da damina ruwan gulbin Maraɗi da na tabkin Madarunfa jajir yake, saboda laka mai laushi da ba ta kwanciya da wuri. In an juya alif cikin tulu, lakar ta haɗu, ta yi nauyi, ta sauka ƙasa. Kaɗan ake sawa. In ya yi yawa, ruwa ya yi bauri.

Wanda ba shi da alif, ga zogale a garka. A samu busassun ƴaƴa, a ɓare, a daka lukui. Ƙwaya 1 ta isa lita 1 ta ruwa. A dama garin da ruwa kaɗan, a zuba, a juya minti 5. A bar shi awa 1 ko 2. Sannan a tsiyaye na sama, a tace da tsumma mai tsabta. Ranar da aka yi shi, ranar ake shan shi.

To, a yi hattara! Alif da zogale suna kwantar da laka, amma ba su kashe ƙwayoyin ciwo duka. Ido ba ya ganin su. A watan Yuli na 2018 kwalara, wato zawo da amai, ta ɓulla a yankin Madarunfa. Ta kama mutum fiye da 3000 cikin ƙasar Nijar, fiye da 70 suka rasu.

Don haka aiki biyu ne. Na farko, ruwa ya kwanta. Na biyu, a tafasa shi sosai, ko a sa ƙwayar Aquatabs yadda likita ya gwada, a jira minti 30. A rufe tulu, a ware mishi moɗa guda.

Wanda ya karanta, shi karanta ma matan gida, don su ke ɗibar ruwa. Rigakafi ya fi magani.