Ƙara Shan Ruwa Yana Ƙara Lafiya?

Gaisuwa ta musamman ga 'yan'uwa na Dagona, da Gashua, da Nguru, da sauran garuruwan bakin kogi a arewacin Jihar Yobe. Yau za mu yi magana a kan ruwa. Tambayarmu ita ce: idan mutum ya ƙara yawan ruwan da yake sha kowace rana, zai ga bambanci a jikinsa?

Bari mu fara daga Dagona. Wanda ya san wurin ya san tafkinsa. Kowace shekara da hunturu tsuntsaye sukan taso tun daga Turai, su ƙetare hamada, su sauka a wannan tafki. Saboda su ne Yarima Philip na Ingila ya ziyarci wurin a 1989. A 2008 kuma aka sa tafkin cikin jerin dausayi masu muhimmanci na duniya. Ƙasar ruwa ce, ƙasar masunta da manoman shinkafa.

Amma a wannan ƙasa ɗin akwai wani baƙin ciki da ya shiga gidaje da yawa, wato ciwon ƙoda. Likitocin Asibitin Koyarwa na Jami'ar Maiduguri sun daɗe da lura cewa da yawa cikin waɗanda ƙodarsu ta gaza daga wajen Gashua suke fitowa. Gwamnatin Yobe ta ba cibiyar bincike ta BioRTC da ke Jami'ar Jihar Yobe a Damaturu aikin neman dalili, tare da masana daga Landan. Inda irin wannan ciwo ya yi yawa, shawara ma takan yi yawa. Wani zai ce maka, sha ruwa da yawa, zai wanke maka ƙoda. Wani zai ce, sai ka sha kofi 8 kullum. Ina gaskiyar take? Bari mu duba tare.

Da fari, yaya jiki yake aiki da ruwa? Fiye da rabin nauyin babban mutum ruwa ne. Ƙodoji biyu suna tace wajen lita 180 na ruwan jini kowace rana, su mayar da kusan dukansa cikin jiki, su fitar da lita 1 zuwa 2 a matsayin fitsari. Idan ruwa ya ragu a jiki, ƙoda takan riƙe shi, fitsari ya yi kaɗan ya yi duhu, ƙishirwa kuma ta kama ka. Idan ruwa ya yi yawa, sai ta zubar da rarar. Ashe jiki yana da nasa ma'auni.

To, maganar kofi 8 fa? A 2002 wani masanin aikin ƙoda a Amurka, Heinz Valtin, ya bi diddigin wannan magana, bai sami binciken da ya tabbatar da ita ba. A 2010 hukumar kula da lafiyar abinci ta Tarayyar Turai ta ce lita 2 ga mace, lita 2 da rabi ga namiji ya isa a rana. Amma ku lura da abu biyu. Wannan lissafi ya haɗa da ruwan da ke cikin abinci, kamar kunu, koko, miya, fura da kankana. Kuma an yi shi ne domin masu zama a ƙasa mai matsakaicin zafi, waɗanda ba sa aikin ƙarfi sosai. Ba a yi shi domin mai huɗa a fadama cikin watan Afrilu ba.

Na biyu, su wane ne ƙarin ruwa yake taimaka wa a fili? Masu tsakuwar ƙoda suna kan gaba. A birnin Parma na Italiya an bi mutum 199 da suka taɓa yin tsakuwa har shekara 5, aka buga sakamakon a 1996. Cikin waɗanda suka ƙara shan ruwa, kashi 12 cikin 100 ne tsakuwar ta dawo musu. Cikin waɗanda ba su ƙara ba, kashi 27. Dalili a fili yake. Idan fitsari ya yi yawa ya tsinke, gishirin da ke cikinsa ba ya samun damar dunƙulewa.

Sai mata masu yawan fama da ciwon mafitsara, wato zafin fitsari da ciwon mara da ke tafiya yana dawowa. A 2018 an buga wani bincike da aka yi a Bulgeriya a kan mata 140 waɗanda dama ba sa shan ruwa sosai. Rabinsu suka ƙara lita 1 da rabi kullum, wato kamar leda 3 ta fiya wata. Cikin shekara guda ciwon ya dawo musu kusan rabin yadda ya dawo wa sauran. Uwaye da 'yan mata, wannan abu ne mai sauƙi da za ku iya gwadawa.

Na uku, su wane ne ƙarin ruwa bai taimaka wa ba? A nan nake roƙo ku kasa kunne. A Kanada an ɗauki mutum 631 waɗanda ƙodarsu ta riga ta fara rauni. Aka ƙarfafa wa rabinsu su ƙara shan ruwa, sauran suka ci gaba yadda suka saba. Bayan shekara guda, kamar yadda aka buga a 2018, ba a ga wani bambancin kirki a lafiyar ƙodarsu ba. Saboda haka ruwa ba ya wanke ƙodar da ta lalace. Har ma wanda ciwonsa ya yi nisa, ko mai ciwon zuciya, yawan ruwa zai iya taruwa masa a ƙafa da huhu, numfashi ya gagara. Irin wannan mara lafiya, likita ne zai faɗi yawan da zai sha. Kada mu dinga ɗura masa ruwa da sunan ƙauna.

Haka kuma mai lafiya da ke zaune a inuwa, yana sha duk lokacin da ya ji ƙishirwa, idan ya ƙara leda 3 ko 4 a kai, abin da zai fi gani shi ne yawan zagawa bayan gida.

Na huɗu, ina mu muka faɗa cikin wannan lissafi? Da bazara, daga Maris zuwa Mayu, zafin Nguru da Gashua yakan wuce digiri 40. Mai aikin ƙarfi a irin wannan rana zai iya zubar da zufa lita guda cikin awa guda. Ka duba manomi, da masunci, da mai dakon kaya a kasuwa, da mace mai surfe da ɗiban ruwa. Da yawa sukan fita tun asuba da 'yar gora ɗaya, su wuni a kanta. Sai ciwon kai, da kasala, da jiri, da ɗaurewar ciki. Waɗannan su ne za su ga bambanci nan da nan idan suka ƙara sha. A Nikaraguwa da El Salbado ciwon ƙoda ya kashe dubban masu yankan rake, masana kuma suna ganin aiki cikin tsananin zafi da ƙarancin ruwa a jiki yana da hannu a ciki. Abin da ake koya wa ma'aikata a can abu uku ne: ruwa, hutu, inuwa. Mu ma za mu iya koyi.

To, me za mu yi a gidajenmu?

Ka duba launin fitsarinka. Idan ya yi haske, ruwan jikinka ya isa. Idan ya yi duhu kamar shayi, ka ƙara sha.

Idan kana aiki cikin rana, ka sha kamar kofi ɗaya kowane minti 15 zuwa 20. Kada ka jira sai maƙogwaro ya bushe, kada kuma ka kwankwaɗi bokiti a zama ɗaya, gama ruwan da ya wuce kima yakan tsinke gishirin jini, ya jawo ruɗewa da suma. Ka huta a inuwa da tsakar rana.

Ka kula da tsofaffi. Idan shekaru suka yi nisa, jin ƙishirwa yakan ragu. Ka ajiye wa Baba da Kaka moɗa kusa da su, ka tuna musu. Mace mai ciki da mai shayarwa su ma suna bukatar ƙari. Amma jaririn da bai kai wata 6 ba, nonon uwa ya ishe shi ko da bazara, kada a ba shi ruwa. Yaro mai gudawa kuwa, a ba shi ruwan gishiri da sukari, a kai shi asibiti.

Ka kula da irin ruwan da kake sha. Yawansa ba shi da amfani idan ba shi da tsabta. A wanke randa, a rufe ta, a ware moɗa ɗaya ta ɗiba. Ruwan kogi ko na tafki, a tafasa shi. Tafasawa tana kashe ƙwayoyin cuta, amma ba ta cire guba irin su dalma da maganin feshi. Saboda haka kada a zuba ruwan sha a jarkar da ta taɓa ɗaukar maganin ciyawa ko na ƙwari, kome wankin da aka yi mata.

Ka yi hattara da maganin ciwon jiki. Mutum ya dawo daga gona a gajiye, jikinsa a bushe, sai ya haɗiye Diclofenac ko Ibuprofen, gobe ma haka, jibi ma haka. Wannan yana cutar da ƙoda ƙwarai. Haka ma haɗe-haɗen magungunan da ba a san abin da ke cikinsu ba.

A ƙarshe, ciwon ƙoda yakan daɗe yana ɓarna a ɓoye ba tare da zafi ba. Hawan jini da ciwon sukari su ne manyan abubuwan da ke kawo shi a duniya. Ka je a auna jininka, a gwada sukari da fitsari, ko da kana jin lafiya ƙalau. Idan ka ga kumburin ƙafa ko na fuska da safe, ko fitsari mai kumfa ko mai jini, kada ka ce bari in ƙara shan ruwa in gani. Ka tafi asibiti mafi kusa, a Gashua ko Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Nguru. Rigakafi ya fi magani.

Mai sauraro, amsar tambayarmu ke nan. Idan jikinka yana rasa ruwa, ƙarin sha zai taimake ka, za ka kuwa ji a jikinka. Idan kana samun isasshe, ƙari ba zai zama magani ba. Gobe kafin ka fita gona, ka cika gorarka, ka ɗauki ta biyu, ka tambayi maƙwabcinka ko ya cika tasa.

Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya ƙarfafa masu jinyarsu. Sai mun sake saduwa. Ku huta lafiya.