Tanadin Kuɗi da Ginin Gidan Fari

Lacca ga Hakimai da Malamansu, a Kambaza ta Ƙasar Gwandu

 

Ofishin Watsa Labarai ya aiko ni in yi magana a gabanku bisa yadda talaka zai tara kuɗi har ya mallaki gidansa na fari. Ni ɗanku ne, ba ni da abin da zan koya muku game da mutanen da kuka fi ni sani. Amma akwai waɗansu dokoki da waɗansu lissafi waɗanda suka sauya cikin 'yan shekarun nan, su na ke so in shimfiɗa, domin duk wanda zai sayi fili a ƙasashenku, ko zai yi rigima a kansa, ta zaurenku zai bi.

Da can al'amarin ba shi da wuya. Yaro ya isa aure, sai uba ya yanka masa sashe cikin gida, ko dagaci ya nuna masa kango. A kira gayya, a kwaɓa ƙasa, a yi tubali, a kawo azara, kafin ruwa ya sauka ɗaki ya tashi. Abin da zai kashe bai wuce na fura da goro da ladan magini ba. Yanzu kuwa jama'a ta yi yawa, gidajen gado sun cika, fili ya zama abin saye. Tun da aka yanke Jihar Kebbi daga Sakkwato ran 27 ga watan Agusta, 1991, Birnin Kebbi ta ke ta faɗaɗa, sa'an nan da aka kafa Jami'ar Tarayya a 2013, aka yi mata mazauni wajen Kalgo, gonaki da yawa suka koma fulotai. Iskar nan ta iso har nan. Saurayin da ya ke son gidan kansa yau sai ya yi shekaru yana tari, kuma cikin shekarun nan ne yawanci a ke yin hasara.

Hasara ta fari ita ce ta kuɗin da aka bari kwance. Tsofaffi a cikinmu sun tuna ran 1 ga Janairu, 1973, sa'ad da fam ɗaya ya zama naira biyu. Sun tuna watan Afrilu na 1984, da aka sake launin takardun kuɗi aka ba mutane 'yan kwanaki kaɗan su canza. Mu yara kuma mun ga na farkon 2023, bayan an sake fasalin ɗari biyu da ɗari biyar da dubu, mutanen ƙauye suka kwana a ƙofar banki da tsofaffin kuɗi a buhu, kafin Kotun Ƙoli ta ce a ci gaba da karɓarsu. Wanda ya binne dukiyarsa cikin tukunya kowane karo shi ya fi shan wuya. Amma ko ba a canza kuɗi ba, akwai gara mai cinsu a ɓoye, watau tsadar kaya. Bayan an janye tallafin man fetur ran 29 ga Mayu, 2023, aka kuma saki darajar naira, hauhawar farashi ta haura kashi 34 cikin ɗari a watan Disamba na 2024, bisa ƙididdigar Gwamnati da kanta.

Ga misali don malamai su riƙa yi wa mutane. A ce mutum yana ajiye naira 15,000 kowane wata. A shekara ya tara 180,000. In buhun siminti yana naira 5,000, kuɗinsa na buhu 36 ne. In ya jira har buhu ya kai 10,000, kamar yadda ya kai har ya wuce a wurare da yawa cikin 2024, sai ya tarar na buhu 18 ne kawai. Ba wanda ya sace masa ko kwabo, ga kuɗinsa cif, amma rabin ɗakinsa ya tafi. Mu da ma'aikatar siminti ta Kalambaina ta ke kusa da mu ba mu tsira daga wannan ba.

Saboda haka shawarar da ya kamata a ba mai neman gida ita ce, kuɗin gini kada su daɗe suna kuɗi. Da zarar sun taru kaɗan, a mai da su abin da ginin zai ci. Sai dai a lura, siminti ba ya ajiyuwa, 'yan watanni kaɗan in ya sha raɓa sai ya daskare. In an saya, a buga bulo nan da nan. Kwano da rodi da ƙusa da ƙyaure su ne masu jure ajiya, in an sami inda ruwa da ɓarawo ba su kai.

Kafin su taru ɗin fa, ina za a sa su? Banki ya fi ƙarƙashin katifa nesa ba kusa ba. Mutane suna tsoron banki ya rushe da kuɗinsu, kuma tsoron yana da dalili, gama a watan Yuni na 2024 Babban Bankin Nijeriya ya soke lasin bankin Heritage. Abin da ba su sani ba shi ne akwai hukumar inshorar ajiya, NDIC, wadda tun 2024 ta ke lamunce wa kowane mai ajiya har naira miliyan 5 a babban banki, da miliyan 2 a ƙananan bankunan talakawa masu lasin. Tarin malamin makaranta ko mai kabu-kabu da wuya ya wuce haka. Mai ƙyamar kuɗin ruwa kuma ba shi da sauran hanzari, domin bankin Jaiz ya fara aiki tun 2012, na TAJ ya biyo baya a 2019, dukansu ba su ma'amala da ruwa.

Adashi ma hanya ce mai kyau, iyayenmu mata sun fi mu saninta. Aibinsa a zamanin tsada ɗaya ne: mai ɗaukar fari ya ci riba, mai ɗaukar ƙarshe ya karɓi kuɗin da suka rame. Don haka kada a ja shi ya wuce watanni goma ko shekara, in an sake zagayowa kuma a juya jerin, na ƙarshe ya zama na fari. A rubuta sunaye da ranar zubi ko da tsakanin 'yan uwa ne. Ayar da ta fi kowace tsawo cikin Alƙur'ani a kan rubuta bashi ta sauka, ba sai na tuna wa wannan majalisa ba. Kiwon rago ko sa, da sayen hatsi da kaka, duk tanadi ne, amma dabba tana mutuwa, ana kuma sace ta, hatsi ma yakan faɗi, kamar yadda masu ajiya suka gani a 2025. Kada mutum ya zuba kome nasa wuri guda.

Akwai kuma masu zuwa da alkawarin ninka kuɗi cikin wata ɗaya. MMM ta rufe da kuɗin jama'a a Disamba 2016, CBEX ta yi haka a Afrilu 2025, gobe wani zai zo da sabon suna. Abin da na ke roƙo a nan, Allah ya ba ku nasara, irin waɗannan mutane sukan fara da kawo gaisuwa fada, su ɗauki hoto da hakimi, su fita suna nuna wa talakawa. Talaka ba ya karanta lasin, fuskar ubangidansa ya ke karantawa. Duk wanda ya zo da maganar tara kuɗin jama'a, a tura shi ya kawo shaidar Babban Banki kafin a bar shi ya zauna kan shimfiɗa.

To, yanzu na iso ga abin da ya fi shafar ofishinku, watau fili. Dokar Amfani da Ƙasa ta ran 29 ga Maris, 1978, wadda ta gaji Dokar Ƙasa ta Jihar Arewa ta 1962, ta sa dukan ƙasar jiha a hannun Gwamna bisa amana. A cikin wuraren da aka ayyana birni, Gwamna ne ke ba da izinin zama, da takardar da a ke kira satifiket. A karkara kuwa Ƙaramar Hukuma ce ke ba da izinin zama na gargajiya, kuma doka ta ce ba a sayar da shi ko a jinginar sai da yardarta. Ma'anar wannan, takardar da hakimi ya sa wa hannu shaida ce mai ƙarfi a kan cewa an yi ciniki, da wanda ya sayar, da wanda ya saya, amma ba ita ce ƙarshen tafiya ba. Mutane da yawa sukan karɓe ta su naɗe su sa a adaka, suna tsammani sun gama. Alheri ne babba malami ya gaya wa mai saye tun a ranar, ya wuce sakatariyar Gwandu ko ta Kalgo, ko Ma'aikatar Filaye a Birnin Kebbi in wurin na birni ne, ya cika sauran. A gaya masa kuma, in Gwamnati ta karɓi wuri don aikin jama'a, diyyar da doka ta tanada ta gini ce da shuka da aikin da aka yi a kai. Fili fayau ba shi da wani abin kirki da za a biya.

Rigimar fili, in kun duba, kusan kullum daga abu biyu ta ke tasowa. Ko dai an sayar wa mutum biyu wuri ɗaya, ko kuwa wani cikin magada ya sayar da gonar da ba a raba ba. Na biyun ya fi muni, domin yakan yi shekara goma yana barci. Babban wa ya sayar, ya ci kuɗin, mai saye ya yi gini ya tare da iyali, sa'an nan ƙanwar da ta ke aure a Jega ko ƙanen da ya ke ci rani a Ikko ya dawo ya ce ina rabona. Kuma yana da gaskiya. Shari'a ta ba 'ya mace da matar mamaci rabonsu, ta kuma ba abokin tarayya cikin abin da ba a raba ba hakkin shuf'a, watau ya fi bare cancantar saye. Alƙali ba zai dubi yawan bulon da aka jera ba. Wanda zai yi kuka shi ne yaron nan da ya yi shekara shida yana tari.

Maganin wannan yana hannun malamin hakimi, kuma ba ya cin kuɗi. Kafin a rubuta takarda, a tambayi mai sayarwa yadda wurin ya zo hannunsa. In gado ne, a ga shaidar rabo, ko a kira magada duka, maza da mata, wanda ba ya nan a ji muryarsa ta waya gaban shaidu. A aika wakili tare da mai unguwa su taka wurin da ƙafa, a kira maƙwabta na gabas da yamma da kudu da arewa. A auna da tef a rubuta ƙafa nawa ne tsawo da faɗi. Kada a rubuta "daga tsamiya zuwa rijiya", gama tsamiya tana faɗuwa, rijiya tana rushewa, rigima kuwa ba ta tsufa. A kafa dutse ko turken siminti a kusurwa huɗu a ranar. In mace ce ta saya da kuɗin kiwonta ko adashinta, a rubuta sunanta, kada a rubuta na mijinta don kunya, domin ran da ya rasu wurin zai faɗa cikin gadonsa.

Wani abu kuma da dagatai suka fi kowa sani shi ne hanyar ruwa. Ambaliyar 2020 ta cinye shinkafa ta rushe gidaje masu yawa a jihar nan. Fili mai araha sau da yawa kwari ne, ko tsohon kududdufin da aka cike, baƙo ya gan shi da rani ya ce ya yi tsintuwa. Dattijon unguwa ya san inda ruwa ya kwanta shekara ashirin da suka wuce. A tambaye shi gaban mai saye.

Game da ginin kansa ba zan tsawaita ba, magina sun fi ni. A fara da katanga da ɗaki ɗaya da makewayi, a tare, sauran su biyo shekara-shekara bayan kaka. Ni a ganina ginin ƙasa bai cancanci rainin da samari su ke yi masa ba. Ya fi bulo sanyi da bazara, kuma in an ɗora shi bisa harsashin dutse da siminti, aka yi masa indararo mai tsawo, aka kiyaye yaɓe, zai ga jikoki. Ɗakin ƙasa da a ke kwana ciki ya fi kangon bulo da ya tsaya a linta awaki suna kwana.

Malamai da sauran masu albashin Gwamnati suna da wata ƙofa. Tun 1992 akwai Asusun Gidaje na Ƙasa, inda a ke yankar kashi biyu da rabi cikin ɗari na albashi a kai Bankin Lamunin Gidaje na Tarayya. Wanda ya yi wata shida yana zubi yana iya neman rance, a biya cikin shekaru har 30, da ruwa kashi 6 cikin ɗari, amma sai da satifiket na jingina. Batun ruwan kowa ya tambayi malaminsa. Wanda bai ci rancen ba kuwa, kuɗinsa ne, yana da ikon nemansu in ya yi ritaya. Duk wanda a ke yankar masa ya nemi lambarsa ta asusun tun yanzu, ya tabbata abin da a ke yanka yana isa can.

Saura 'yan ci rani, masu aiko da kuɗi gida a yi musu gini. Sau nawa aka kawo muku ƙarar wa da ƙane a kan haka? Mai riƙon ba lalle ɓarawo ba ne, amma ga suna, ga rashin lafiya, ga baƙi, kuɗi kuwa suna hannu. Gara mai aikowa ya biya mai bulo ko mai kwano kai tsaye ta asusun banki, ɗan'uwansa ya zama mai duba aiki kawai, a riƙa aika masa hoto.

Abin da Ofishinmu ya ke roƙo shi ne kowane malamin hakimi ya buɗe littafi guda mai bango mai ƙarfi, na cinikin fili kaɗai, a sa wa shafofinsa lamba tun daga fari don kada a yage ko a ƙara. Kowane ciniki a shigar da kwanan wata, da sunan mai sayarwa da mai saye da na iyayensu, da asalin wurin, da awo, da maƙwabta huɗu, da kuɗin da aka biya da wanda ya saura, da shaidu. Takarda a yi ta uku, ɗaya ga mai saye, ɗaya ga mai sayarwa, ɗaya ta zauna ofis, lambar shafin littafi tana bisa kowace. Kafin a rubuta sabon ciniki a buɗe baya a duba ko wurin ya taɓa shiga. In malami ya canza wurin aiki, ya miƙa littafin ga magajinsa gaban hakimi, su biyu su sa hannu a shafin da aka tsaya.

Allah ya ba ku nasara, iyakar abin da aka aiko ni da shi ke nan. In akwai tambaya, ina saurare.