Jawabin Buɗe Sashen Hoton Zuciya na Nukiliya

 

Na san kalmar nukiliya tana faɗar wa wasunmu da gaba, don haka bari in fara da faɗin abin da za a riƙa yi a ɗakin nan.

Idan aka kawo mutum yana dafe da ƙirji, gumi na keto masa, awon ECG da gwajin jini na taroponin su ne farkon abin da likita zai nema, kuma ba za mu sauke su ba. Amma akwai tambayar da sukan bari a buɗe: bayan jijiyar jinin zuciya ta toshe, wane ɓangare na tsokar zuciyar ya mutu, wane ne kuma ƙishirwar jini kawai ta galabaitar? A nan na'urar tamu take shigowa. Za a yi wa majinyaci allurar ɗan sinadari mai fitar da hasken gama, jini ya kai shi zuciya, kyamarar ta kewaya ƙirji tana ɗaukar hoto. Inda jini ke isa zai haska. Inda ya yi duhu lokacin motsa jiki, ya kuma haska bayan hutu, tsoka ce mai sauran rai, wadda buɗe jijiya zai iya ceto. Wannan bambancin, wallahi, shi ne ya hana mu barci har muka ga wannan rana.

Hal Anger ne ya ƙirƙiro irin wannan kyamara a Amurka a 1957. Ta daɗe kafin ta iso mu.

Yanzu ga amanarku, 'yan'uwana ma'aikata. Sinadarin da ake yin allurar da shi, Teknishiyam-99m, yana rasa rabin ƙarfinsa duk bayan awa 6. Wannan rahama ce ga majinyaci, domin ba ya daɗewa a jikinsa. Amma ba ya jiran wanda ya makara. Uwar da ake tatso shi daga gare ta, Molibdinam-99, ita ma rabinta na tafiya cikin awa 66, ga shi daga nesa take zuwa, irin su Felindaba a Afirka ta Kudu. Don haka ina roƙon hukumomi: kada kayan nan su kwana a filin jirgi saboda takarda, kada wuta ta ɗauke ana tsakiyar hoto.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya. Da sunan Allah na buɗe wannan sashe.