Kafin Mu Rangaɗa Guɗa, Mu Danna Mu Gani



Iyayena, yayyena da ƙannena, shugabannin mata na mazaɓun Shanga, da 'yan'uwanmu na Yawuri da Ngaski da ke cikin wannan zaure, barkanmu da war haka. Wannan shi ne jawabin da na yi a zamanmu na shugabanni. An ce in rubuto shi saboda waɗanda hanya ko ruwa ya hana su zuwa. Wadda ta iya karatu, don Allah ta karanta wa maƙwabciyarta.

Maganar karatu ta waya da kwamfuta ce, kuma kar wata ta ce ba layinta ba ne. Ki dubi wayar da ke hannunki. A cikinmu akwai waɗanda ba su taɓa zama a bencin boko ba, amma kullum suna aika saƙon murya Kwantagora, Birnin Kebbi, har Ikko. Wa ya koya musu? Maɓalli ɗaya ne mai hoton makirfo: ki danna, ki yi magana, ki saki. Tun 2013 WhatsApp ya kawo shi, kuma mai goyo a baya da muciya a hannu ma tana iya aiki da shi.

To wannan matar dai, a buɗe mata wata manhajar karatu. Shafin farko Turanci zalla. A ce ta sa imel. A ce ta ƙirƙiri kalmar sirri mai babban baƙi da ƙaramin baƙi da lamba. A ce an turo mata wasu lambobi ta saƙo, kafin sabis ya kawo su wa'adinsu ya wuce. Sai ta ajiye wayar ta ce, "Ni kaina ba ya ja." Hajiya, kanki na ja. Macen da ke riƙe lissafin adashin mutum talatin a ka ba ta da matsalar ƙwaƙwalwa. Wanda ya ƙera abin ne ya yanka ƙofa daidai tsawonsa, bai auna naki ba.

Abin da ya sa na damu shi ne 'ya'yanmu. Tun 2015 jarrabawar JAMB gaba ɗaya a kwamfuta ake yin ta: tambaya 180 cikin awa 2, Turanci 60, sauran darussa uku 40 kowanne. WAEC ta fara nata da masu zana jarrabawa daga waje a 2024, kuma a 2025 ministan ilimi Tunji Alausa ya sanar cewa WAEC da NECO duk can za su koma. Ko an ɗaga lokaci ko ba a ɗaga ba, alƙiblar ke nan. Yarinyar Dugu Tsoho ko Gebbe za ta zauna gaban irin allon da yaron Abuja zai zauna, da agogo iri ɗaya yana gudu. Shi ya tashi da kwamfuta a falo, ita wataƙila ranar ce ta fara taɓa ta.

Ku ji abin da JAMB ta yi a nan, don akwai darasi a ciki. Ta lura ɗalibai da yawa ba su iya riƙe linzamin kwamfuta ba, wanda yara ke kira mawus. Hannu na rawa, kibiya na yawo a allo, lokaci na tafiya. Sai a 2017 ta tsara yadda za a yi jarrabawar da maɓallai 8 kacal. A, B, C, D na zaɓar amsa. N na zuwa tambaya ta gaba, P na komawa baya. S na miƙa aiki idan an gama, R na fasa miƙawar a koma kan tambayoyi. Shi ke nan. Kun ga ashe ana iya lanƙwasa na'ura ta bi mutum, in masu ita sun ga dama.

Amma ki ja kunnen 'yarki a kan abu ɗaya. Baƙaƙen da ke kan madannin kwamfuta ba a jere suke kamar yadda aka koya mata a firamare ba. A da S da D maƙwabtan juna ne, S na tsakiya. Mai son danna A ko D, in yatsa ya goce, sai ya faɗa kan S. Kwamfutar za ta nemi tabbaci kafin ta karɓi aikin, to kar ta firgita ta danna abin da ta gani. Ta tsaya ta karanta, ta koma. Yarinya ta yi shekara shida tana karatu, bai kamata gocewar yatsa ta cinye mata shekara ba. Ko babu kwamfuta a garinku, a sami malami ya zana madannin a bayan kwali, yara su riƙa ɗora yatsa har hannu ya saba. In kuma da hali, a biya mata jarrabawar gwaji da JAMB ke shiryawa kafin ta gasken.

Sai maganar layi. Tun 2021 ba a rajista sai da lambar NIN, wadda ake turawa ta saƙo zuwa 55019 ko 66019, da kuɗin kira a layin, ba data ba. Kuma layi ɗaya ɗalibi ɗaya ne. Layin da aka yi wa yayanta rajista da shi bara ba zai yi mata ba bana. A gidajenmu da waya ɗaya ke yawo daga hannun maigida zuwa uwargida zuwa yara, wannan ba ƙaramin abu ba ne. A sama mata nata tun da wuri, a adana shi kamar yadda ake adana sarƙar gwal.

Yanzu in zo kan namu na siyasa. Kaya suna zuwa, wasu ma sun zo. A 2022 Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya da UNICEF suka ƙaddamar da Nigeria Learning Passport, dandalin darussa na kyauta, kuma akwai na Hausa a ciki. Shirin AGILE na ilimin 'yan mata, wanda Bankin Duniya ke tallafawa, Kebbi na cikin jihohi bakwai na farko, kuma koyar da kwamfuta na cikin ayyukansa. Ban da waɗannan, duk mai neman kujera yanzu ya iya cewa zai raba wa ɗalibai na'urori. Mu ake kira mu cika rumfa, mu sa anko, mu rangaɗa guɗa, a ɗauki hoto. Bayan wata uku ki leƙa, kayan na cikin kwali a ofis, ko yara na kallon fim da su. Mu mutanen bakin ruwa mun fi kowa sanin ba a cinikin kifi a ruwa.

Don haka ga abin da nake so mu riƙa yi, ko ɗan jam'iyyarmu ne ya kawo, kai, musamman ma in namu ne, don mu za a tare a kasuwa a tambaya. A zaɓo mutum biyar: 'yar aji ɗaya na sakandare, matar aure da ta bar makaranta, dattijuwa da idonta ya fara rauni, da biyu daga cikin waɗanda Hausa ma ba ita ce ta gidansu ba, Bagungiya ko Bakambara ko Bafulatana. A miƙa wa kowace a ce, "Nemo mana darasin lissafi." Sai kowa ya kama bakinsa. Kar wanda ya kawo kayan ya miƙo yatsa ya nuna, don ranar da za ta buɗe a ɗakinta ba ya nan. Ku dai ku zuba ido: ina ta tsaya, me ta danna ya kai ta wani wuri, yaushe ta ɗago kai tana neman ceto. Wannan ba dabarata ba ce. Wani masanin harkar ɗan ƙasar Denmak, Jakob Nielsen, ya rubuta tun 2000 cewa gwaji da mutum biyar ya isa ya tona mafi yawan matsalolin irin waɗannan kaya. Manyan kamfanoni kuɗi suke biya a yi musu, mu kuwa a ƙarƙashin darbejiya za mu yi shi.

A wurin kuma a yi tambaya ba kunya. Abin yana magana da Hausa, ko sai mai Turanci? In an kashe data, darasin na buɗewa? In sabis ya ɗauke tana tsakiyar darasi, daga inda ta tsaya za ta ci gaba ko daga farko? Data ta nawa darasi ɗaya ke sha, kuma wa zai biya? Sai caji. Tun 1968 madatsar Kainji ke ba ƙasar nan wuta, an tashi iyayenmu daga gungu da bakin kogi saboda ita, amma har gobe akwai ƙauyukanmu da sai an kai waya shagon mai janareta an biya. Na'urar da batirinta ba ya kai yamma, a irin wannan wuri ado ce kawai. Duk wanda ya kawo ta, ya zo da maganar sola a bakinsa.

Kowace shugabar mazaɓa, daga Atuwo zuwa Yarbesse, ta binciko mana 'yan mata nawa ne za su zana JAMB a yankinta, nawa ne ke da NIN da layin kansu, nawa ne suka taɓa zama gaban kwamfuta. Ba sai an rubuta ba, a turo wa sakatariya ta saƙon murya kafin Juma'a mai zuwa. Adadi kawai muke so, kar a sako sunan yarinya ko lambarta a zaure. Da shi za mu je wajen shugaban jam'iyya da kansilolinmu mu nemi a sama wa yaran wurin gwaji kafin a buɗe rajista.

Allah ya yi wa zuri'armu albarka, ya ba su sa'a. A tura wa sauran zaurukan mazaɓu.

Wassalamu alaikum.