Magani ko Guba? Feshin Ciyawa da Ƙananan Itatuwan Marmari a Ƙasar Tambuwal da Kebbe

 

Watakila wani zai yi mamakin abin da ya kai malamin Hausa lambun mangwaro, alhali ga malaman aikin gona zaune a wannan zaure. Abin da ya kai ni kalmomi ne guda biyu, watau "maganin ciyawa". Da ruwan feshi ya shigo ƙasar nan, sai Bahaushe ya raɗa masa wannan suna, kamar yadda ya ce maganin ɓera da maganin sauro. To, amma kowa ya san ɓera, kowa kuma ya san in kaza ta ci maganinsa mutuwa za ta yi. Ciyawa fa? Ciyawa hukunci ce ta manomi: tsiron da ya fito inda ba a so shi. Ruwan da ke cikin kwalba bai san wannan hukunci ba. Abin da ya sani kawai shi ne ɗanyen ganye, kuma a wurinsa dashen mangwaro ɗan wata shida da harƙiyar da ke gindinsa ba su da wani bambanci.

Na zaɓi Tambuwal da Kebbe ne domin suna kudancin Jihar Sakkwato, inda ruwan sama ya fi na Gwadabawa da Illela yawa, ga kuma fadamun gulbin Zamfara, wanda ya biyo ta Gumi ya nufi Jega. Ƙasa ce da mangwaro da gwaiba da lemo da yazawa ke karɓa. Amma inda itace ya ji daɗi, nan ma ƙiriƙiri da aya-aya da tofa ke jin daɗi. Bugu da ƙari, manomin wannan yanki ba ya barin fili tsakanin dashensa a banza. Tazarar mangwaro da mangwaro takan kai taku goma ko fiye, saboda haka yakan shuka gero ko dawa ko masara ko wake a tsakani, har itacen ya yi inuwa. Dā da fartanya, ko kalme a bakin Basakkwace, ake yin noman firi da maimai, kuma mai fartanya yana da ido: in ya iso dashe sai ya kewaye shi. Da gayya ta ja baya, kuɗin ƙwadago ya hau, sai tankin feshi na goyo ya maye gurbinta. Ban ga laifin manomi a nan ba, domin aikin da zai ci mutum biyar wuni guda, yaro ɗaya kan gama shi kafin hantsi.

Bari mu dubi abin da ke cikin tankin. Iri huɗu ne suka fi yawa a hannun manoma, kuma kowanne da tasa hanyar kisa.

Na farko shi ne farakwat, wanda kamfanin ICI na Ingila ya fito da shi a 1962 da sunan Gramoxone. Wannan ƙona duk abin da ya taɓa yake yi, da taimakon hasken rana, cikin kwana ɗaya ko biyu. Ba ya bin jijiya, amma idan ya sami ɗanyen ɓawon dashe sai ya bar masa gyambo, in kuwa gyambon ya kewaye karan, abinci ya daina sauka daga ganye zuwa saiwa ke nan. Ga mutum ma guba ce da ba a san makarinta ba, huhu take ci. Na biyu atarazin, wanda ake sa wa masara da dawa. Shi a ƙasa yake kwanciya wata da watanni, saiwa ta tsotse shi, ya hana ganye sarrafa abinci daga hasken rana. A ƙasar jigawa mai yashi kuwa ruwa kan gangarar da shi har inda saiwar dashe take. Na uku 2,4-D, na masu shinkafa a fadama, wanda ke kwaikwayon sinadarin girma na tsiro, ya sa ganye ya murɗe, toho ya karkace, tamkar an sa yaro ya yi girman shekara goma cikin mako guda. Yana daga cikin abubuwan da sojan Amurka suka haɗa suka fesa wa dazuzzukan Biyetnam a shekarun 1960 don kakkaɓe ganyen itatuwa. Wannan kaɗai ya isa ya nuna mana cewa ba ya jin kunyar itace.

Na huɗu shi nake so mu daɗe a kansa, watau gilaifoset, wanda kamfanin Monsanto ya fara sayarwa a 1974 da sunan Roundup. Wannan shi ne mai kisan mummuƙe. Yakan shiga ta ganye, ko ta ɗanyen ɓawo, ko ta 'yan rassan nan da kan tofo a gindi, ya bi ruwan jikin itace zuwa saiwa da bakin toho, can ya toshe hanyar da tsiro ke ƙera wasu sinadaran gina jikinsa. Babban itace mai kaurin ɓawo, feshi a gindinsa bai cika damunsa ba. Dashe kuwa, a shekarunsa biyu zuwa uku na farko, ɓawonsa kore ne mai laushi, yana sha kamar ganye. Ganyensa bai wuce gwiwar mai feshi ba. Saiwarsa ba ta yi zurfi ba. Jikinsa kuma ƙarami ne, ɗigon da babba zai shanye ya isa ya kwantar da shi. Masu iya magana sun ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Haka ne, kuma tun yana ɗanyen ake nakasa shi.

Abin da ya sa wannan ɓarna ta ɓoyu shi ne jinkirinta. Sau da yawa dashen ba ya mutuwa. Yakan sha gubar da damina, ya tsaya cik, sai ya zo sabon toho a ga ganye ƙanana, sirara, ɗorawa-ɗorawa, sun cunkushe wuri ɗaya kamar tsintsiya. Kafin nan an manta da ranar feshi. Sai a ce gara ce, ko fari, ko ƙasar ba ta karɓe shi ba, ko mai sayar da dashe ya yi ha'inci. Mangwaro mai aure, wanda ya kamata ya fara 'ya'ya cikin shekara uku zuwa huɗu, sai ya kai shida yana tsugune. Hasarar hatsi ta shekara ɗaya ce, a sake shuka baɗi. Hasarar itace kuwa ta shekaru ce, kuma galibi mai dashen dattijo ne da ya yi shi don 'ya'ya da jikoki, ko don neman ladar sadaka mai gudana.

Akwai kuma batun maƙwabci, domin iska ba ta san iyakar gona ba. A Amurka, cikin 2020, wata kotu a Jihar Mizuri ta yanke wa kamfanonin Bayer da BASF diyyar dala miliyan 265, saboda maganin ciyawa mai suna daikamba da ya taso daga gonakin maƙwabta ya lalata lambun wani manomi, kodayake daga baya an rage kuɗin. Mu a nan, in shanu suka yi ɓarna, akwai sawu, akwai mai gari, akwai alƙali, akwai yadda ake ƙiyasta diyya tun kaka da kakanni. Feshin da iska ta ɗauko fa, ina sawunsa? Ina shaida, tun da sau da yawa alamarsa ba ta fitowa nan take? Wannan tambaya ce da nake miƙa wa malamanmu na shari'a.

Tarayyar Turai ta janye izinin atarazin a 2004, ta hana farakwat a 2007. A 2023 hukumar NAFDAC ta ba da sanarwar janye su biyun daga kasuwar Nijeriya daki-daki. Madalla. Amma gilaifoset da 2,4-D suna nan, kuma bayanin da ke jikin kwalbarsu da Turanci yake, da 'yan mitsi-mitsin baƙaƙe, yana zancen lita da hekta ga mutumin da ma'auninsa gwangwanin madara ne. A nan ne aikin ya zama namu, mu masu nazarin harshe. Ya kamata mu zauna da malaman gona, da masanan cibiyar NIHORT mai reshe a Bagauda, da na NAERLS a Zariya, mu fitar da gargaɗi cikin boko da ajami, a karanta shi a rediyo da bakin Sakkwatanci.

Gargaɗin kuwa ba shi da tsawo. A bar da'irar taku ɗaya ko biyu kewaye da dashe, a nome ta da hannu, a lulluɓe ta da busasshiyar ciyawa, har ɓawon ya yi duhu ya yi kauri. In feshi kusa ya zama dole, a kifa wa dashen bokiti ko a sanya masa buhun leda, a cire bayan ganyen ciyawa ya bushe. A sare tohon gindi tun da sauran kwanaki. Kada a yi feshi da iska ko da tsakar rana. Kada a zuba atarazin inda aka yi dashe. Tankin da ya taɓa ɗaukar 2,4-D kuwa, kada a sa masa maganin ƙwari a fesa wa lemo ko mangwaro, domin ɗauraya ɗaya ba ta fitar da shi. A kan kwalbar kuma, ni dai shawarata ita ce a rubuta "gubar tsiro" da manyan baƙaƙe, a bar "maganin ciyawa" a ƙarƙashinsa.