Renon Barkono a Gwangwani da Bazara



Zafin Afrilu a ƙasar Gwandu yakan haura digiri 40. To, yanzu ne za ka reni barkono da tattasai a gwangwani ko fasasshiyar tukunya, su yi mako 6 kafin dashen damina.

Huda gindin gwangwanin, zuba ƙasa kashi 2, ruɓaɓɓen taki kashi 1. Ajiye gindin dogon yaro inda hantsi ke samu. Ɗanyen kashin kaji kuwa, kul! Ƙona saiwa yake. Ƙasar gwangwani kaɗan ce, ban ruwa safe da yamma yana wanke abincinta. Don haka duk mako 2 jiƙa taki mudu 1 a bokiti, surka ruwan ya yi kalar shayi marar kauri, ka zuba bayan ban ruwa.

Inda damshi yake da bazara, rina na zuwa. In ta harbe ka, wanke da sabulu, ɗora tsumman da ka jiƙa da ruwan randa. Ba ta barin ƙari kamar kudan zuma, kada a tona wurin. Amma in fuska ko maƙogwaro ya kumbura, numfashi na sarƙewa, a garzaya asibiti Gwandu ko Birnin Kebbi, kada a jira.