Faɗin hanyar bayanai a katin hoton laftof

Mai sayen laftof don wasan bidiyo ko tace fim yakan tambayi gigabait nawa ke katin hotonta, ya biya ya tafi. Akwai lambar da 'yan kasuwa ba sa ambata: faɗin hanyar da bayanai ke bi tsakanin guntun katin da ma'ajiyarsa, wanda ake aunawa da bit. Kamar titi ne, mai layi huɗu ya fi mai layi biyu ɗaukar motoci.

Ku dubi katunan Nvidia biyu, kowanne da ma'ajiyar gigabait 8. RTX 3070 na laftof, na 2021, hanyarsa bit 256 ce, tana iya wucewa da gigabait 448 a daƙiƙa. RTX 4070 da ya gaje shi a 2023 bit 128 gare shi, gigabait 256 kacal a daƙiƙa.

Ba rowa ce zalla ba, don ƙunƙuntar hanya na rage cin wuta da zafi. Kuma kamfanin ya faɗaɗa ƙaramar ma'ajiyar cikin guntun daga megabait 4 zuwa 32, ta yadda ba sai ya riƙa aike waje kullum ba. A matsakaicin allo dabarar tana ci. Amma da an ɗaga hoto zuwa 4K, ƙuncin hanyar yakan fito fili.